Tsohon Hannu da Sabon Shiga a Tebur Ɗaya: Yadda Ake Auna Faɗa a Wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974, wasa ne da mutane huɗu ko biyar suke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yanke shawara a madadinsa, sannan mutum ɗaya ya zama jagoran wasa, wanda shi ne mai ba da labari, shi ne alƙali, shi ne kuma mai motsa dodanni da 'yan fashi da duk wani abokin gaba da jaruman za su ci karo da shi. Abin da yake raba gardama ƙwaya ce irin ta lido, sai dai ban da mai fuska 6 akwai mai 4, da mai 8, da mai 10, da mai 12, da kuma mai fuska 20 wadda ita ce uwar tafiya. Idan jarumi zai kai sara, mai shi ya jefa mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da ƙarin makin da yake rubuce a takardarsa, in jimillar ta kai makin kariyar abokin gaba to sara ya shiga, sai a jefa wata ƙwayar a ga yawan ɓarnar da ya yi. Kowa yana da makin rai, kuma wanda nasa ya ƙare ya faɗi.

Matsalar da nake son in warware takan taso ne ranar da aka haɗa mutumin da ya shekara goma yana wannan wasa da wanda yau ne zamansa na farko ko na uku. A wasan dara, idan gwani ya zauna da ɗan koyo kowa ya san yadda za ta ƙare, kuma ɗan koyon ba ya jin haushi domin ya san da wa ya zauna. A nan kuwa dukkansu ɓangare ɗaya suke, abokin gabarsu ɗaya, nasararsu ɗaya, saboda haka tazarar da take tsakaninsu takan ɓuya. Za a gama faɗa an yi nasara kowa yana tafi, alhali mutum ɗaya ne ya kashe dodanni huɗu cikin biyar, wani kuma sau uku ya jefa ƙwaya, biyu suka kuskure, na ukun ya sauka a kan dodon da dama saura ƙiris ya mutu. Jagoran da ya dubi sakamako kaɗai zai ce faɗan ya yi daidai. Da ya ɗaga kai ya dubi mutanen, da ya ga wanda ya koma latsa waya tun zagaye na biyu, wato karo na biyu da layi ya kewaya kan kowa.

Littattafan wasan ba su bar jagora da ka-ci-ci-ka-ci ba. Tun bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000 bayan ya sayi kamfanin TSR a 1997, kowane dodo yana zuwa da lamba mai nuna girman haɗarinsa, kuma bugu na biyar na 2014 ya ɗora cikakken lissafi a kai. Kowane dodo yana da farashi na makin ƙwarewa, kowane jarumi kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka gwargwadon matakinsa, wato matsayin ƙarfin da ya kai. Ɗan mataki na 1 an ƙiyasta masa maki 25 a faɗa mai sauƙi, 50 a matsakaici, 75 a mai tsanani, 100 a wanda zai iya kai wa ga kisa. Sai a tara na jaruman duka, a tara na dodannin, sannan a ninka na dodannin gwargwadon yawansu: in biyu ne a ƙara rabi a kai, uku zuwa shida a ninka biyu, bakwai zuwa goma a ninka biyu da rabi, haka har zuwa ninki huɗu. Ninkin yana da hujja, domin dodanni huɗu sau huɗu suke kai hari a zagaye guda, ƙato ɗaya kuwa sau ɗaya zai ɗaga kulkinsa kafin mutane huɗu su yi masa taron dangi. Sabon littafin jagora na 2024 ya cire wannan ninki ya kuma mayar da matakan tsanani uku, amma tushen tunanin bai sauya ba, har yanzu takardar jarumi ake aunawa.

Misalin da 'yan wasan suka fi sani shi ne kwanton ɓaunar da yake buɗe labarin akwatin 'yan koyo na 2014, inda gobilin huɗu suke laɓe a gefen hanya. A dokokin 2014, waɗanda da su zan yi lissafi daga nan, gobilin ƙaramin dodo ne mai makin rai 7 da makin kariya 15, yana da ƙarin 4 a jifan hari, kuma kibiyarsa tana cire abin da ƙwaya mai fuska 6 ta bayar haɗe da 2. Farashinsa 50, huɗu sun zama 200, a ninka biyu 400, wanda shi ne daidai iyakar kisa ga jarumai huɗu 'yan mataki na 1, ga jarumai biyar kuwa ya faɗa cikin mai tsanani. To ga inda gizo yake saƙar. Idan tsofaffin hannu ne a teburin, tun kafin su isa wurin sun sa mai sulke a gaba, sun ce wani ya riƙa duban ciyayi, kuma matsafinsu ya san tsafin barci yana ɗaukar ƙwaya 5 masu fuska 8, wanda a matsakaici ya haura 22, ya isa ya kwantar da gobilin uku masu rai 7 kowanne idan sun taru wuri ɗaya. Faɗan zai ƙare cikin zagaye biyu ana dariya. Idan kuma sabon shiga ne yake riƙe da matsafin, mai makin rai 8 da makin kariya 12, yana tafe a sarari domin babu wanda ya gaya masa akwai bambanci tsakanin gaba da baya, gobilin 8 kawai yake buƙata a ƙwaya, wato sau 65 cikin 100 zai same shi, kuma kibiya biyu a matsakaici 11 suke cirewa. Mutumin da aka lallaba ya zo ya gwada wasan yana iya faɗuwa kafin layi ya zo kansa ko sau ɗaya. Lambobin ba su canza ba tsakanin teburin farko da na biyu, faɗan ne ya zama biyu daban, domin jadawalin ba ya ganin abin da yake cikin kan mai riƙe da takardar.

Tazarar tana da fuskoki fiye da ɗaya, kuma rikita su shi ne yake sa jagora ya ba da maganin da ba na cutar ba. Ta farko tana nan tun kafin a zauna, a wajen gina jarumi. A ɗauki mayaƙa biyu 'yan mataki na 5, kowanne da babban takobi, kowanne yana da ƙarin 7 a jifan hari, yana cire 11 a matsakaici, yana kuma kai sara biyu a layinsa. A gaban dodo mai kariya 13, sabon shiga zai samu sau uku cikin huɗu, ya cire kusan 16 ko 17 a zagaye. Tsohon hannu kuwa ya zaɓi wata baiwa da take cikin dokokin 2014, wadda take ba shi damar rage 5 daga jifan hari domin ya ƙara 10 a ɓarna, sannan ya san hanyoyin samun abin da wasan yake kira rinjaye, wato a jefa ƙwaya biyu a ɗauki mafi girma, kamar idan an ka da abokin gaba ƙasa kafin a sare shi. Ragin 5 ɗin ya sauko da shi zuwa rabi da rabi, rinjaye ya mayar da shi uku cikin huɗu, kowane sara kuma yanzu 21 ne, jimilla ta haura 31. Mataki ɗaya, makami ɗaya, amma ɗaya yana aikin kusan mutum biyu, kuma jadawalin littafi farashi ɗaya ya ba su.

Fuska ta biyu sanin dokoki ce a tsakiyar faɗa. Sabon shiga yakan juya baya ya bar dodo yana tsaye kusa da shi, bai san doka ta ba dodon damar kai masa sara kyauta ba. Yakan riƙe maganin waraka da manyan tsafe-tsafensa har a tashi wasa yana jiran ranar da ta fi wannan muni, ko kuma ya zazzage su duka a kan kerkeci biyu na farko. Wannan fuskar ita ce mafi sauƙin magani, domin zama biyar ko shida sun isa su goge mafi yawanta, matuƙar mutumin ya ci gaba da zuwa.

Fuska ta uku ita ce aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce mai korar mutane. Zagaye guda daƙiƙa 6 ne kacal a cikin labarin, amma a kan tebur, idan 'yan wasa biyar ne kuma kowa ya ci minti uku, sannan jagora ya motsa dodanninsa, mutum zai jira kusan minti ashirin kafin layi ya dawo kansa. Tsohon hannu yana cika wannan jira da abubuwa: yana da martanin da zai mayar a layin wani, yana da ƙaramin motsi na ƙari a nasa layin, yana lissafin inda kowa yake tsaye. Sabon shiga jifa ɗaya yake da shi, in ya kuskure shi ke nan, sai bayan wasu minti ashirin. A faɗan da ya ɗauki zagaye uku, rabonsa na sa'a guda bai wuce jifa uku ba. Saboda haka abin da ya kamata jagora ya auna shi ne sau nawa layin kowane mutum ya sauya wani abu a fagen, ba yawan makin ran da aka cire kaɗai ba.

Abin da jagorori da yawa suke fara yi shi ne su ƙara wa dodo ƙarfi domin tsohon hannu ya ji a jikinsa, kuma nan ne ake yin ɓarna mafi girma. Akwai wani ƙaton dodo mai kulki da sunansa yake fita a baki kamar oga, kada dai a rikita shi da na ofis, mai makin rai 59 da kariya 11, wanda kulkinsa yake cire ƙwaya 2 masu fuska 8 haɗe da 4, wato 13 a matsakaici. Mayaƙin da aka gina da kyau zai sha wannan duka ya miƙe. Matsafin nan mai rai 8 kuwa, dokar wasan ta ce idan ɓarnar da ta rage bayan ransa ya ƙare ta kai yawan cikakken ransa, ya mutu nan take ba tare da wata dama ba, wato 16 ta ishe shi, kuma kusan sara ɗaya cikin huɗu da ya same shi zai kai haka. Dodon da aka kawo domin gwani, ɗan koyo yake kashewa. Idan kuma aka sassauta faɗan domin ɗan koyo, gwanin zai share fagen a zagaye ɗaya, ɗan koyon ya sake zama ɗan kallo, wannan karon ma ba tare da tsoron da zai riƙe hankalinsa ba. Duk inda aka murɗa wannan maɓalli guda, sama ko ƙasa, mutum ɗaya ne yake asara.

Haka nan ban yarda da al'adar nan ta miƙa wa sabon shiga mayaƙi mafi sauƙin sarrafawa ba tare da an tambaye shi ba. Gaskiya ne akwai nau'in mayaƙin da kusan duk abin da ya bambanta shi a farko shi ne 19 ma tana zama mugun sara, wato mai ƙarin ɓarna, kamar 20, kuma ba shi da abin haddacewa. Amma wanda ba shi da abin haddacewa ba shi da abin zaɓa, kuma zaɓi ne ya kawo mutum teburin. Ya fi kyau a tambaye shi wane irin jarumi yake gani a ransa, in ya ce matsafi a ba shi matsafi, sai a rubuta masa abubuwa uku a ƙaramin kati, wanda zai yi idan dodo yana nesa, da wanda zai yi idan ya matso, da wanda zai yi idan abu ya ɓaci. Sauran shafukan za su jira.

Gyaran da yake aiki yana cikin tsarin fagen faɗan kansa. A ce jarumai huɗu ne 'yan mataki na 3, mayaƙi da mai warkarwa a hannun tsofaffin hannu, maharbiya mai sanɗa da matsafi a hannun sababbi. Jagora ya shirya oga ɗaya a bakin gadar igiya. Farashinsa 450, bai ma kai matsakaici ba ga wannan ayari, kuma abin da zai faru sananne ne: za a kewaye shi, mayaƙin ya yi mafi yawan aikin, a wuce. Yanzu a bar ogan a inda yake, a ƙara gobilin uku, biyu a kan dutse suna harbi, ɗaya a hayin gadar yana yanka igiya da wuƙa, kuma a tsakiyar gadar akwai fursunan da aka zo ceto a ɗaure. Lissafi ya koma 600, a ninka biyu 1,200, ya shiga mai tsanani bai kai na kisa ba, amma abin da ya fi lissafin muhimmanci shi ne yanzu akwai aiki uku a wuri uku, kuma mutum ɗaya ba zai iya kasancewa a dukkansu ba. Mayaƙin dole ya tare ogan, domin shi kaɗai ne zai iya shan kulkin, kuma rai 59 zai riƙe shi zagaye da dama. Mai yanka igiyar yana nesa da takobi amma yana kusa da kibiya, ransa 7 ne, harbi ɗaya mai kyau yana iya gamawa da shi. Matsafin yana da tsafin kibiyoyi uku waɗanda ba sa kuskure, kowace tana cire 2 zuwa 5, kusan tabbas ne su ka da gobilin guda. Jagora ya juya ga maharbiyar ya ce, “Kin hango shi a hayi, igiya ɗaya ta riga ta tsinke, yana kan ta biyu. Me za ki yi?” A wannan lokaci duk teburin ita yake kallo, har da gwanin, kuma ba a rage masa komai ba, ba a kuma yi mata alfarma ba.

Bugu na huɗu na 2008 yana da wata dabara da ta cancanci aro, wato ƙananan dodanni masu makin rai 1 tak, waɗanda dukansu yana da zafi amma sara ɗaya yake kashe su. Amfaninsu a tebur mai gauraye a fili yake, domin duk wanda ya samu ya kashe, babu bambanci tsakanin mai cire 6 da mai cire 21, kuma ƙarfin gwanin da ya wuce kima ba ya ƙara masa komai a kansu. Gara a watsa su a fagen da a tara su wuri ɗaya, in ba haka ba tsafin dunƙulen wuta guda zai share su.

Sai batun wanda dodo zai kai wa hari, wanda shi ne maɓallin da jagora yake murɗawa a kowane zagaye ko ya sani ko bai sani ba. Ba na goyon bayan dodanni su riƙa tsallake sabon shiga kamar ba sa ganinsa, domin mutane suna ganewa, kuma babu mai son a riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai a gaban abokansa. Abin da ya fi shi ne kowane dodo ya bi halinsa, kuma jagora ya zaɓi dodannin da halinsu ya dace da teburin. Oga mai ƙaramin tunani zai bi wanda ya fi ji masa ciwo, wanda dama gwanin ne. Shugaban 'yan fashi mai wayo zai gane wane ne mafi haɗari ya sa a yi masa taron dangi, ko a jefa masa raga, ko a janye shi daga abokansa, kuma wannan shi ne irin ƙalubalen da tsohon hannu yake jin daɗinsa. Idan kuwa babban duka zai sauka a kan sabon shiga, a nuna masa alama zagaye ɗaya kafin nan, a ce ogan ya juyo yana dubanka ya kama kulki da hannu biyu. Tsohon hannu ya riga ya san abin da oga yake iya yi domin ya karanta ko ya taɓa sha, saboda haka wannan hannunka mai sanda ba fifiko ba ne, cike giɓin sani ne kawai, kuma abin da mutum ya yi da gargaɗin ya rage nasa.

Akwai kuma cutar da take fitowa daga kyakkyawar niyya, wato gwanin da yake gaya wa kowa abin da zai yi. Da layi ya zo kan sabon shiga, kafin ya buɗe baki an ce masa matsa nan, jefa wancan tsafin, kada ka taɓa wannan. Shawarar takan zama daidai, ayarin ya yi nasara, amma mutumin ya zama raƙumi da akala, hannunsa ne kawai yake jefa ƙwaya. Maganin yana cikin dokar wasan kanta: tunda zagaye daƙiƙa 6 ne, jarumi ba zai iya faɗin abin da ya wuce jimla ɗaya ba, saboda haka gwani yana iya ƙwala kira da bakin jaruminsa ya ce a kula da igiya, amma doguwar shawara sai in mai layin ya nema. Irin wannan ƙa'ida a zaman share fage ake kafa ta, wanda ake yi kafin a fara labari domin a daidaita abin da kowa yake tsammani, ba a tsakiyar faɗa ba lokacin da za ta zama kamar tsawa.

A wannan zama ne kuma ya dace jagora ya keɓe da tsohon hannu ya nemi haɗin kansa, domin mafi yawansu sun gaji da cin nasara iri ɗaya. Wasan cike yake da hanyoyin da gwaninta take bi ta hannun wani. Tsafin sa albarka yana ƙara wa mutum uku ƙwaya mai fuska 4 a kowane jifan hari da na tsira daga tsafi ko haɗari. Akwai nau'in mayaƙi mai dabarun fage wanda zai iya sadaukar da saransa ɗaya ya ba abokinsa damar kai hari nan take. Mai sanɗa yana samun ƙarin ɓarna, ƙwaya 2 masu fuska 6 a mataki na 3 da ƙwaya 3 a mataki na 5, idan wani abokinsa yana tsaye dab da wanda zai kai wa hari, saboda haka gwanin da ya san inda zai tsaya yana ninka ƙarfin maharbiyar nan ba tare da ya ce mata uffan ba. Wanda ya ƙware a lissafi zai samu abin lissafawa a nan fiye da yadda zai samu a babban takobi.

Game da bambancin matakin jarumai kansu, maganar gajeriya ce: kada a fara sabon shiga a mataki na 1 alhali sauran suna na 5. Bugu na biyar yana da sassauci a jifan hari, domin ƙarin ƙwarewa daga 2 yake farawa ya tsaya a 6 a ƙarshen matakai 20, amma makin rai ba shi da wannan sassauci, kuma dunƙulen wuta ɗaya daga matsafin abokan gaba, mai ƙwaya 8 masu fuska 6, wato 28 a matsakaici, zai ƙone ɗan mataki na 1 ƙurmus. A wasan Pathfinder bugu na biyu, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2019, abin ya fi haka tsanani, domin ana haɗa matakin jarumi a cikin kusan kowane jifa da ya ƙware a kai, kuma wanda ya haura abin da ake nema da 10 ya yi mugun sara. A ɗaga kowa tare a wuraren da labari ya kai gaɓa, a huta.

Duk yadda aka auna, ƙwaya tana da nata ra'ayin, shi ya sa jagora yake buƙatar abin gyara a hannu. Lambar ran da aka rubuta wa dodo matsakaici ce kawai, ogan nan yana iya kasancewa ko'ina tsakanin 28 da 91, kuma halal ne jagora ya zaɓi inda zai ajiye shi kafin a fara. Raba abokan gaba kashi biyu ya fi wannan amfani: kashi na farko yana fage, na biyu ana jin sawunsa daga nesa, in faɗa ya yi sauƙi su iso a zagaye na biyu, in ya yi tsanani su makara ko su zo kaɗan. Tsofaffin dokoki na 1981 suna da jifan ƙarfin zuciya, inda ake jefa ƙwaya 2 masu fuska 6 a ga ko dodanni za su tsaya ko za su arce bayan an fara kashe su, kuma wannan ƙofa ce mai mutunci ta rufe faɗan da ya fara jan ƙafa. Yawan faɗa tsakanin hutun da jarumai suke dawo da ƙarfinsu da tsafe-tsafensu ma yana cikin awo, domin littafin 2014 ya gina lissafinsa ne a kan faɗa shida zuwa takwas a yini tare da gajeren hutu kamar biyu, kuma teburin da yake yin faɗa ɗaya tak kafin dogon hutu ya ba gwanin matsafi damar zazzage duk abin da yake da shi a zagaye biyu na farko, ya bar mai takobi yana kallo.

Abin da nake ƙi shi ne sauya sakamakon ƙwaya a bayan allon da jagora yake ɓoye jifansa. Littafin jagora na 2014 ya ambaci cewa jifa a ɓoye yana ba da wannan dama, kuma na san jagororin da suke yi da zuciya ɗaya domin su ceci sabon shiga. Amma tsohon hannu yana ƙirga lambobi, zai gane cewa kulkin da ya kamata ya cire 13 ya riƙa cire 6 duk lokacin da ya sauka a kan mutum ɗaya, kuma daga ranar da ya gane, nasarar kowa ta zama abin zargi. Dama dokokin sun tanadi tazara tsakanin faɗuwa da mutuwa: wanda ransa ya ƙare yana jefa mai fuska 20 a kowane layinsa, 10 zuwa sama nasara ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu, 1 tana cin biyu, 20 kuma tana tashe shi da rai 1. Ko babu mai taimako, kusan kashi 60 cikin 100 yana tsira, kuma mai warkarwa yana da kalmar waraka da yake iya jefawa daga nisan ƙafa 60 ba tare da ya rasa babban motsinsa ba. Abin da yake hannun jagora shi ne ko dodo zai ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi, domin sara daga kusa a kan wanda ya suma faɗuwa biyu yake ci, kuma dodanni kaɗan ne suke da dalilin yin haka alhali ga mai takobi tsaye a kansu.

Idan kuma ayarin duka ya faɗi a bakin gadar, ba dole ne a yaga takardu ba. Gobilin da suka ɗaure fursuna ɗaya za su iya ɗaure biyar, domin mai rai ana karɓar fansa a kansa. Zama na gaba sai ya buɗe a cikin keji a kogon dutse, an ƙwace babban takobin an rataye shi inda hannu ba ya kai, littafin matsafi yana hannun shugaban gobilin yana juya shi a kife, kuma abin da gobilin da suka bincike jikinsu ba su gano ba shi ne 'yan ƙarafan buɗe kwado da maharbiyar ta ce tun zaman farko a cikin takalminta take ajiye su.